Kurciya, Ragon Maza da Malam-Buɗe-Littafi: Laƙabi Ɗaya

Kurciyar da ke tsintar hatsi a bakin rumbunan Faru, masana kimiyya suna kiranta Spilopelia senegalensis. Ragon maza da ke laɓewa a duhuwar fadamun Bakura kuwa Centropus senegalensis ne. Akwai kuma wani malam-buɗe-littafi mai ruwan ɗorawa a dazukan kudu, Eurema senegalensis. Ba dangin iya, ba na baba, amma sunansu na biyu ɗaya ne.

Tsarin ya fito ne daga Carl Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin, wanda a 1758 ya ɗora sunayen dabbobi kan kalma biyu: ta farko ta zuriya, ta biyu ta jinsi. A duniyar dabbobi ba a yarda zuriya biyu su ɗauki suna ɗaya ba. Ta biyun kuwa kowa na iya ara, kamar yadda Sani Mafara da Bello Mafara ke amsa sunan gari ɗaya ba tare da sun haɗa kaka ba.

To, me ya kawo sunan Senegal cikin laƙabin? Can ne Turawan Faransa suka fara tattara halittun yankinmu. Michel Adanson ya shafe shekaru a can tun daga 1749, har aka raɗa wa kuka sunansa, Adansonia digitata. Linnaeus ya sanya wa kurciyar da ragon mazan nasu laƙabin a 1766, wani masani mai suna Boisduval ya ba malam-buɗe-littafin nasa a 1836. Maɗaci da sabara da gwandar daji duk sun samu, haka ma farar nan mai cin gero. Da a bakin gulbin Sakkwato aka fara kama su, da wataƙila wani labari ake yi yau.

Wani lokaci launi ne dalili. Tsutsar da ke huda karan dawa 'yar wani ƙwaro ce mai tashi da dare, Busseola fusca, kuma tana tarayyar laƙabi da wata agwagwar ruwa ta arewacin Turai, Melanitta fusca, don dukansu masu duhun jiki ne.

Shi ya sa malamin gona mai neman maganin ƙwari yake rubuta kalmomin biyu cif. Jan baki, mai hana manoman shinkafar Bakolori barci, shi ya huta: Quelea quelea. Dabbobi kaɗai aka yarje wa irin wannan maimaici, tsirrai an hana su.