Wane Gefen Fuskarka Ne Baƙi?

Ranar 10 ga Janairu, 1969, gidan talabijin na NBC a Amurka ya nuna wani kashi na shirin Star Trek mai suna Let That Be Your Last Battlefield. Irin ƙagaggun labaran nan ne na kimiyya da yawon sararin samaniya, dangin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda shi ma a shekarar ya fito. Lokacin kuwa wata tara kacal da kisan Martin Luther King, raɗaɗin wariyar launin fata bai huce ba.

A labarin, kumbon Enterprise na Kyaftin Kirk ya tsinci wani baƙo mai suna Lokai, fuskarsa rabi baƙa rabi fara, kamar an tsaga ta da zare. Ba a jima ba sai ga Bele, jami'in gwamnatin duniyarsu Cheron, shi ma rabi baƙi rabi fari, ya ce shekara 50,000 ke nan yana farautar wannan ɗan tawaye. Mutanen kumbo suka duba, ba su ga abin da ya raba su ba. Bele ya fusata ya nuna musu: shi gefensa na dama ne baƙi, su Lokai kuwa na hagu. A kan wannan kaɗai aka bautar da al'umma guda.

Nan Kirk ya shiga tsaka mai wuya. Bele na neman a miƙa masa mai laifi, Lokai na neman mafaka, yana cewa 'yancin da aka ba mutanensa na fatar baki ne. Kirk ya ƙi miƙa shi, ya kuma ƙi goya masa baya, ya tsaya kan cewa doka ce za ta yi hukunci a kan wani ƙaramin jirgi da Lokai ya sato. Sai Bele ya karkatar da kumbon da ƙarfi zuwa Cheron. Da suka isa, gawa ce ko'ina, yaƙin ƙiyayya ya cinye kowa. Mutanen biyu suka sauka cikin kufai suka ci gaba da bin juna.

Masu sharhi sun daɗe suna kama shirin da laifi ɗaya: ya ɗora azzalumi da wanda aka zalunta a ma'auni guda, kamar fushin bawa da girman kan ubangijinsa abu ɗaya ne. Tambayar da ya bari ita ce: wanda ya ga zalunci ya ce shi ba ruwansa, adalci ya yi ko gudun ɗawainiya?

Mai kallo daga nan zai yi wa Bele dariya, ya ce wannan ciwon Turawa ne. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu leƙa arewacin Jamhuriyar Benin.

Djougou tsohon zango ne na fatake a kan hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja. A nan aka haifi Mahommah Gardo Baquaqua wajen shekarun 1820, ɗan gidan Musulmi masu rufin asiri, mahaifiyarsa Bakatsiniya. 'Yan'uwansa baƙar fata ne suka kama shi suka kora shi kudu har bakin teku, aka tsallaka da shi Birazil a 1845. Ya kuɓuce daga jirgin ubangijinsa a New York a 1847, ya zauna Haiti, ya yi karatu a Amurka, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854. Asalin da ake tinƙaho da shi a gida bai tsinana masa komai ba a cikin jirgin bayi. Can launin fata kawai ake gani.

A ƙasar Borgu kuwa, inda birnin Parakou yake, akwai mutanen da ake kira Gando. Wasunsu jikokin bayin Fulani ne ko na sarakunan Bariba. Wasu kuma zuriyar jariran da aka ƙi ne saboda haƙorin sama ya riga na ƙasa fitowa, ko don an haife su ta ƙafa. Aka ce mayu ne, aka miƙa wa Fulani su raine su a ruga. Haƙori ɗaya ya sauya wa mutum dangi da harshe da daraja, har jikokinsa. Ina bambancin wannan da gefen fuskar Lokai? Yau 'yan Gando sun yi karatu, sun shiga siyasa, amma tabon bai gama gogewa ba, musamman in aka zo maganar aure.

Mu Hausawa ma ba mu tsira ba. Muna da dimajo da bacucane, muna da kallon da ake yi wa mahauci da wanzami. Na taɓa zama a wani zaure a unguwar Zongo ta Parakou, ana shawarar auren wata 'yar'uwarmu. Yaron da ke nema direban babbar mota ne mai jigilar kaya zuwa Nijar, ba ya fashin jam'i, kowa ya shaidi halinsa. An zuba shayi, goro na kan faranti, sai kawunmu ya gyara zama ya ce, "Yaro dai ba shi da aibu, amma an ce kakarsa baiwa ce." Zauren ya yi tsit. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Malam, kai me ka gani?" Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, abin da manya suka yanke shi ne daidai." Aka mayar masa da kayan neman auren. Na fito ina ce wa kaina ladabi na yi, alhali shirun Kirk na yi.

Ba a hana binciken aure ba, amma a binciki abin da mutum ya aikata da hannunsa: addininsa, sana'arsa, riƙon amanarsa. Wanda ya sallaci asuba da kiran ladan ya san Bilal bawa ne aka 'yanta, bai kuwa hana shi hawa kan Ka'aba ya kira salla ba. Iyaye su kula da sunayen da suke kiran maƙwabta da su a gaban yara, domin ba a haifi Bele da ƙiyayya ba, a gida ya tsotse ta. Malamai su faɗi wannan a kan mumbari, ba sai an tambaye su ba.

In kuma aka tambaye ka a zaure, kada ka yi irin tawa. Kana iya cewa "Kawu, a yi haƙuri, wannan ba hujja ba ce" ba tare da ka ɗaga murya ba. Yaron nan har yau in muka haɗu a kasuwar Arzeke shi ke fara gaishe ni, ni kuwa ban taɓa iya haɗa ido da shi ba.