Tauraron Da Ya Kunna Zobensa Bayan Ya Mutu

A daren 23 ga Fabrairun 1987, Ian Shelton, wani matashin masanin taurari ɗan Kanada, yana bakin aiki a cibiyar Las Campanas da ke kan duwatsun Chile. Da ya wanke hoton da ya ɗauka na gungun taurarin Large Magellanic Cloud, sai ya ga haske a inda jiya babu irinsa. Ya fita waje ya ɗaga kai, ga shi kuwa ƙuru-ƙuru. Tauraro ne ya fashe, kuma tun 1604 ba a ga fashewa kusa da mu haka ba. Hasken ya shafe shekara wajen 168,000 a hanya.

Aka koma tsofaffin hotuna aka gano mamacin: Sanduleak -69 202, shuɗin ƙato mai nauyin rana kusan 20. Masana suka yi turus, domin a saninsu jajayen ƙatta ne ke mutuwa haka.

Amma ni abin da ya fi kama ni shi ne abin da tauraron ya bari a kewayensa. Shekara kusan 20,000 kafin ajalinsa ya furzar da iskar gas mai yawa, ta daidaita ta zama zobba uku, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe. Masana da dama na ganin taurari biyu ne suka haɗe, haɗuwar ta watsar da gas ɗin. Walƙiyar fashewar ce ta fara haska zobban, madubin Hubble ya nuna su sarai a 1994. Can kuma sai guguwar fashewar, wadda ke gudun dubban kilomita a daƙiƙa, ta iso zoben tsakiya ta auka masa. Ɗigon haske ya bayyana, sai wani, sai wani, har zoben ya zama kamar carbin wuta.

A tsakiya kuwa tarkacen ya yi sanyi ya haifi ƙura. Na'urar Herschel ta hango ta a 2010, na'urar ALMA ta tabbatar a 2014: ƙura mai nauyin da ya kai wani kaso babba na nauyin rana, irin wadda ake gina duniyoyi da ita.

Ƙurar nan ce ta rufe zuciyar tauraron shekara da shekaru. Sai a 2024 madubin James Webb ya samo shaida mai ƙarfi cewa dunƙulallen tauraron nutron na nan a ciki.