Annoba A Kan Tebur: Darasin Da Ikko Ta Koya Wa Masu Wasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Oshodi da sassafe ya san abin da ake kira taron jama'a. Nan motocin danfo suke juye fasinja, nan hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta nufi Agege ta wuce Arewa, nan kuma titin filin jirgin sama na Murtala Muhammed ya ɓullo. Mahauta da 'yan goro da sauran Hausawan Agege da yawansu ta nan suke bi zuwa neman abinci. To, in a ce mutum guda mai ɗauke da mugun ciwo ya kutsa cikin wannan taro, ina abin zai tsaya? Wannan tambaya ita ce ta hana ma'aikatan lafiya barci a 2014, ita ce kuma take damun masu wani irin wasa da ake yi a kan tebur.

Wasan ya samo asali ne daga Amurka, inda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. Ya yi kama da tatsuniya, sai dai masu sauraro su ne mutanen cikin labarin. Mutum guda, wanda za a iya kira madugun wasa, shi ke bayyana gari da abin da ya auku, saura kuwa kowa ya ɗauki jaruminsa ya faɗi abin da zai yi. In aka zo wurin shakka sai a jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska 20, ita za ta raba gardama.

Dodo ba ya ba madugu wahala, gama ana iya tarar sa da takobi. Ciwo kuwa ba shi da wuyan da za a sara. In madugu ya tsananta, jifa guda sai ta kashe jarumin da mutum ya yi watanni yana reno, ba tare da ya yi kuskuren kome ba, ya tashi da fushi ya bar wasan. In kuma ya sassauta, abin ya zama wasan yara, domin a dokokin da aka buga a 2014 akwai ƙaramin siddabaru da ke warkar da cuta nan take. Watau annobar da ta kamata ta girgiza gari sai ta koma mura.

Wani Ba'amurke, Matt Leacock, ya nuna hanyar tsakiya a wasansa mai suna Pandemic na 2008. A ciki 'yan wasa ba sa gaba da juna, haɗa kai suke yi su yaƙi cututtuka 4. Kowa aiki 4 kaɗai aka yarda ya yi in yayinsa ya zo, kuma in cuta ta ɓarke sau 8 an cinye su duka. Tsananin wasan ana auna shi da katin annoba da aka cusa cikin kati: 4 ga sababbi, 5 ga matsakaita, 6 ga gwanaye. Abin tsoro a nan shi ne ƙarancin lokaci da ƙarancin hannu.

Abin da ya faru a Ikko ya gaskata wannan. Ran 20 ga Yuli 1914 ba a san Ebola ba, amma shekara ɗari daidai bayan haka, ran 20 ga Yuli 2014, wani jami'in gwamnatin Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed yana fama da ita, a kan hanyarsa ta zuwa taron ECOWAS a Kalaba. Aka kai shi asibitin First Consultants da ke Obalende. Aka matsa lamba a sallame shi, Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta ce faufau ba zai fita ba. Sawyer ya mutu ran 25 ga Yuli, ita kuma likitar, da ta kamu wajen jinyarsa, ta rasu ran 19 ga Agusta.

Ebola takan ɓuya a jiki daga kwana 2 zuwa 21 kafin ta bayyana, kuma waɗannan kwanaki su ne filin dagar. Cibiyar gaggawa da Dokta Faisal Shuaib ya shugabanta ta bi sawun mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da majinyata, aka yi ziyarar gida-gida kimanin 18,500, aka keɓe marasa lafiya a Yaba. Cutar ta tsallaka Fatakwal, amma aka tare ta. A ƙarshe mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da Ebola, bayan kwana 42 ba sabon kamu.

Madugu mai hankali zai tsinci abu uku a nan. Na farko, ya ba 'yan wasa lokaci: cuta ta zo mataki-mataki, da alamun da mai lura zai gane. Na biyu, kowane zaɓi ya kasance da kuɗinsa, kamar yadda likitar Obalende ta ceci gari da ranta. In ya kafa labarinsa a Oshodi, sai ya tambaye su: za a rufe tasha ne, mahautan Oko-Oba da 'yan kayan gwari su kwana da yunwa, ko za a bar ta a buɗe cuta ta hau mota zuwa Kano? Na uku, kada ya manta da jita-jita. A farkon Agusta 2014 labari ya bazu cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum, jama'a suka yi ta yi, har aka ba da rahoton mutuwar wasu. Ke nan ana iya samun abokin gaba ba tare da an ƙara wa cutar dafi ba.

Ba matasa kaɗai ke irin wannan wasa ba. Ran 18 ga Oktoba 2019 masana na Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsu suka zauna a Niyok suka kwaikwayi ɓarkewar annobar duniya a kan tebur, suka kira shi Event 201. Ba a yi wata biyar ba, ran 27 ga Fabrairu 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai Korona a Nijeriya, a Ikko kuwa. A kan tebur, in an yi kuskure sai a tattara kati a sake rabawa. A Oshodi ba a samun wannan dama, shi ya sa masu iya magana suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.