Miki bayan fiɗa: me ya sa wani ba ya jin magani?

Kullum ana kawo marasa lafiya babban asibitin Damagaram daga Mirya, Magarya, Matamai, Gure da Tanut. Wani zazzaɓin taifot ne ya huda masa hanji, wani haɗarin mota ne. Likita ya yi fiɗa, ya ɗinke. Amma wani lokaci, bayan ƴan kwanaki, sai wurin ya kumbura, ya tara mugunya, jiki ya ɗau zafi. A ba da magani, shiru.

Me ke kawo haka?

Ƙwayoyin cuta ne suka shiga mikin. Ido ba ya ganin su. Suna zaune a hannu, a tufafi, a cikin hanji. A 1928 wani Bature na Birtaniya, Fleming, ya gano fenisilin, maganin da ke kashe irinsu. Yau da yawa cikinsu sun daina jin sa, har da magungunan da suka biyo bayansa.

Ga yadda abin ke faruwa. Mutum ya ji mura, ya sayi ƙwaya biyu mai launi biyu wurin mai talla, ya haɗiye. Ƙwayoyin cuta masu rauni su mutu, masu taurin kai su saura, su hayayyafa. Kamar gona ce: in an yi noma an bar saiwa, ciyawa sai ta dawo da ƙarfinta. Ranar da aka yi wa mutumin fiɗa, su ne ke shiga mikin. Jinya ta yi tsawo, a sayar da akuya, a sayar da hatsi, wani lokaci a rasa rai.

Masana sun ƙiyasta a 2019 irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum fiye da miliyan 1 a duniya. In an duba yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma abin ya fi shafa.

Abin da ya kamata jama'a su kiyaye:

1. Kada a sha irin wannan magani sai ma'aikacin lafiya ya rubuta.
2. A sha shi yadda aka ce, har kwanakin su cika. Kada a ba maƙwabci saura.
3. Mai jinya da ƴan dubiya su wanke hannu da sabulu.
4. Kada a buɗe miki a gida, kada a barbaɗa masa gari ko toka.
5. In miki ya yi ruwa ko wari, a koma asibiti ran nan.

Magani dukiyar kowa ce. Wanda ya ɓata shi yau, gobe ɗansa zai nema.