Ganuwar Yariko da Shaidar Fasassun Tukwane

A Gaɓar Yamma da Kogin Jodan, kimanin kilomita 10 arewa da Tekun Gishiri, akwai wani tudu da Larabawa ke kira Tell es-Sultan. Nan ne kufan tsohon birnin Yariko, wanda Littafi Mai Tsarki ya ce ganuwarsa ta rushe a gaban rundunar Joshuwa, wato Yusha'u bin Nun a bakin Musulmi. Tun 1868 ake tona wannan tudu, kuma har yau ba a daina musu kan abin da ke cikinsa ba.

Wanda ya san ginin ƙasa ba zai sha wahalar gane yadda tudun ya samu ba. Gida ya rushe, a baje shi, a ɗora sabo a kai. Bayan dubban shekaru sai gari ya zama hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Aikin mai tono shi ne ya bi hawan nan ɗaya bayan ɗaya, ya gane zamanin kowanne. Babban abin dogaronsa fasassun tukwane ne, domin kowane zamani da irin ƙirarsa da adonsa, kuma gasasshen yumɓu ba ya ruɓewa.

Tsakanin 1930 da 1936, Baturen Ingila John Garstang ya tono rusasshiyar ganuwa da gidajen da wuta ta cinye. Ya ce abin ya faru wajen shekara 1400 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da ya yi daidai da lissafin da masu bin nassi ke yi wa zuwan Joshuwa. Labari ya bazu duniya cewa ƙasa ta gaskata Littafi.

Sai Kathleen Kenyon, ita ma 'yar Ingila, ta koma wurin daga 1952 zuwa 1958. Ta yi tono a tsanake, tana barin bangon rami a tsaye domin a riƙa ganin jerin hawan da ido. Abin da ta gano bai yi wa mutane da yawa daɗi ba. Ganuwar da Garstang ya nuna ta girmi zamanin da ya ba ta da kusan shekara dubu. Birnin da ya ƙone kuwa, ta ce wajen 1550 kafin Annabi Isa ya ƙone, kuma a zamanin da ake sa ran Joshuwa ya iso babu wani birni mai ganuwa a wurin. Cikin hujjojinta har da rashin tukwanen tsibirin Kubrus, waɗanda suka yawaita a yankin a ƙarnin da ya biyo baya.

A 1990 wani Ba'amurke, Bryant Wood, ya tayar da maganar. Ya ce Kenyon ta dogara da abin da ba ta gani ba, ta yi watsi da tukwanen gida da ke gabanta. Ya kuma jawo hankali kan tulunan da aka samu cike da ƙonannen hatsi, alamar cewa birnin bai daɗe a kewaye ba kafin ya faɗi, kamar yadda labarin ya zo. Amma hatsin nan shi ya zama shaida a kansa. Duk abu mai rai yana ɗauke da sinadarin kabon-14, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 5,730 bayan mutuwa, don haka auna abin da ya rage na nuna shekarunsa. Ƙwayar hatsi ta fi itace amfani a nan, domin amfanin shekara ɗaya ce, ita kuwa azara ana iya gadonta kaka da kakanni. A 1995 Hendrik Bruins da Johannes van der Plicht suka wallafa awon da aka yi wa hatsin a Groningen ta ƙasar Holan, sakamakon ya karkata ga lissafin Kenyon. Yawancin masana a nan suka tsaya.

Duk da haka, tono yana da iyaka. Kenyon da kanta ta lura cewa ruwa da iska sun zaizaye saman tudun, sun tafi da wasu hawa na baya-baya. Toka tana nuna an yi gobara, ba ta faɗin wanda ya cinna wutar. Mai cewa ƙasa ta ƙaryata nassi ɗungurungum, da mai cewa ta gaskata shi, dukansu sukan ɗora wa tulu maganar da bai yi ba.

Me ke kawo gaggawar shela? Tono aiki ne mai cin kuɗi, kuma masu bayar da gudummawa sun fi sakin hannu idan an ambaci sunan da suka sani a nassi. Ga kuɗin masu ziyara, ga siyasa, tunda a wannan yanki kowane dutse na iya zama hujjar mallakar ƙasa.

A Satumbar 2021 mujallar Scientific Reports ta buga wani bincike da ya ce wani dutse daga sararin samaniya ya fashe a saman Tall el-Hammam da ke Jodan wajen 1650 kafin Annabi Isa, har ana alaƙanta wurin da Saduma, garin mutanen Annabi Luɗu. Jaridun duniya suka ɗauka. Daga baya masana suka nuna an taɓa wasu hotunan binciken, kuma kwatancen da aka yi da fashewar Tunguska ta 1908 a Rasha yana da kurakurai. A Afrilun 2025 mujallar ta janye shi, ko da yake wasu daga cikin marubutan ba su yarda ba. Janyewar ba ta samu ko kusa da yaɗuwar da shelar farko ta samu ba.

Akwai kuma jabu. A 2020 gidan adana kayan tarihin Baibul da ke Washington ya amsa cewa duka gutsattsarin fata 16 da ya mallaka da sunan tsofaffin rubuce-rubucen Tekun Gishiri ƙirar zamani ne. Daga hannun dillalai suka fito, ba wanda ya ga ramin da aka ciro su.

Ba kowace da'awa ke faɗuwa ba. A 1993 tawagar Avraham Biran ta tono wani ɓallin dutse a Tel Dan, arewacin Isra'ila, mai rubutun Aramiyanci na ƙarni na 9 kafin Annabi Isa, wanda ya ambaci gidan Dawuda. An yi ta tankiya a kansa, wasu har suka yi zargin jabu, amma yawancin masana sun karɓe shi. An san inda aka same shi da hawan da yake ciki, an sami ƙarin ɓallinsa a 1994, kuma masu adawa sun duba shi da idonsu. Ko shi ɗin, abin da ya tabbatar shi ne akwai gidan sarauta mai wannan suna. Bai faɗi girman mulkin ba.

Saboda haka idan bidiyo ya iso wayarka cewa an gano jirgin Annabi Nuhu ko kufan mutanen Luɗu, tambayi inda aka tono abin, da yadda aka auna shekarunsa, da ko waɗanda ba su da rabo a nasarar sun bincika sun yarda. Idan ba amsa, kada ka tura wa kowa.