Kafin Ka Zagi Na'ura, Karanta Abin da Ka Rubuta Mata

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin samarinmu masu koyon haɗa manhaja, kuma na gaji da jin ta. Wai ƙirƙirarriyar basira ta san komai, don haka ko wane guntun bayani ka jefa mata za ta gane. Ranar da aiki ya kwaɓe kuma sai magana ta juya, a ce ai ba ta jin Hausa, don Turawa aka yi ta. Duka biyun neman mafaka ne.

A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar ɗaura wa na'urarsa kayan aiki: wannan ya duba farashi, wancan ya tura saƙo ko kuɗi, duk ta ƙofar da ake kira API. A Nuwamban 2024 Anthropic ya fito da tsarin MCP don sauƙaƙa haɗin. Na'urar da aka ba irin waɗannan kaya ta zama 'yar aike.

To, 'yar aiken nan ba ta ganin cikin kayan aikin. Rubutun kwamfutar da ka kwana kana yi, ko layi ɗaya ba ta karantawa. Abin da ke isa gare ta shi ne sunan kayan aikin, da bayanin da ka rubuta, da guraben da za ta cike. Inda ka yi shiru ba za ta tsaya ba, za ta cike da zato, kuma za ta faɗi zaton kamar ta gani da ido.

A ce wani ya haɗa wa manoman Cadakori manhajar salula. Ya sa kayan aiki mai suna "farashi", ya rubuta masa "yana kawo farashin kaya", ya bar gurbi ɗaya wai "adadi". Adadin me? Manomi da tiya yake lissafi, ɗan kasuwa da buhu, takardun hukuma da kilo. Tiyar hatsi kusan kilo 2.5 ce, kusan 40 ke cika buhu mai kilo 100. Manomi ya tambayi kuɗin tiya 10, na'ura ta sa 10, kayan aiki ya ɗauka kilo ne. Amsa ta fito tsaf, amma ko rabin kuɗin gaskiya ba ta kai ba.

Batun kuɗi ya fi muni. Mutumin Gidan Rumji idan ya ce dala 200, jika guda yake nufi, sefa 1,000. Idan bayani bai ce "a rubuta da sefa, dala ɗaya sefa 5 ce" ba, 200 za a tura. Ga naira kuma tana yawo a aljihun mutane saboda kusancin iyaka. Kada wani ya ce wannan ciwon ƙauye ne. A Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja ta ba da lissafi da ma'aunin fam, wadda ta karɓa kuma ta ɗauka na mita ne. Su ma masana ne.

Sai sunayen garuruwa. Rumbun bayanai yawanci da rubutun Faransanci yake: Chadakori, Aguié, Gazaoua, Guidan Roumdji. Manomi kuwa Gazawa zai ce. Idan ba ka jera sunayen da kayan aikin ke karɓa ba, zai dawo hannu rabbana, na'ura ta ce babu kasuwar, ko ta ƙago farashi daga kanta.

Gaskiya ne wasu na'urorin sun fi wasu rauni a Hausa, kuma hanyar intanet na yankewa. Amma waɗannan ba a hannunka suke ba.

Abin da ke hannunka shi ne ka auna bayanin kafin ka saki manhaja. Rufe rubutun kwamfutar, ka miƙa bayanin kaɗai ga wanda bai san aikin ba, ka ce ya cike guraben. Duk inda ya ɗago kai ya ce "wanne kake nufi?", can na'ura za ta yi tuntuɓe, sai dai ita ba lalle ta tambaya ba. Sannan ka tattara tambayoyi daga bakin masu amfani na gaske, da tiyarsu da dalarsu da hatsinsu da gujiyarsu, ka rubuta amsar da ta dace ga kowace. Ka gwada, ka duba ko ta zaɓi kayan aikin da ya dace, ko ta cike guraben daidai, ko ta yi haƙuri a inda bai kamata ta taɓa komai ba. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, shi ya sa bayani mai kyau yake faɗin lokacin da ba a amfani da shi. Idan kana da kaya biyu masu kama, "nemo farashi" da "duba farashi", ka haɗe su ko ka raba aikinsu a fili. Kwanan wata ka ba da misali, don 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. Saƙon kuskure ma bayani ne: "ba a san wannan gari ba, ga sunayen da ake karɓa" ya fi lamba tsirara amfani. Duk gyaran da ka yi, ko kalma ɗaya ce, ka sake gwada tambayoyin gaba ɗaya.

Kayan aikin da ka kwaso daga intanet kuwa, karanta bayaninsa har ƙarshe, don ana ɓoye umarni a ciki na'ura ta bi. Wanda ke taɓa kuɗin mutane, kada ya motsa sai mai kuɗin ya ga adadin da sefa da kuma dala, ya ce ya yarda.