AGOGO SARKIN AIKI: ABIN DA YA SA WANI YA FI GIDA TSADA

A Nyanya, garin ma'aikata da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi, masu gyaran agogo suna nan gefen kasuwa da 'yan akwatunansu na gilashi. Yawancin aikinsu yau canjin batir ne. Amma jefi-jefi wani yakan kawo agogon wani irin na da, kamar Seiko da Rado da alhazai kan zo da su tsaraba daga Makka. Irin wannan ba ruwansa da batir. Sifirin ne a cikinsa, in an wana shi sai ya riƙa warwarewa a hankali yana juya ƙananan haƙora.

To, cikin agogunan wani akwai wanda ake kira kuronogaraf, watau agogo mai awon gudu. Yakan zo da madannai biyu a gefe da ƙananan fuskoki biyu ko uku cikin babbar fuskar. In an danna na sama, dogon tsinke ya tashi. A sake dannawa, ya tsaya. A danna na ƙasa, ya koma kan sha biyu. Wani Bafaranshe, Nicolas Rieussec, ya ƙera irinsa a 1821 don auna gudun dawaki a filin sukuwa. A 1969 'yan sama jannatin Amurka suka sauka kan wata da samfurin Omega Speedmaster.

A ƙarshen wannan shekara kuma kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir. Da irinsa ya yi araha, ga shi kuma ya fi na wani riƙe lokaci daidai, sai masana'antun Suwizalan suka shiga uku. Ma'aikatansu da suka kai wajen 90,000 a 1970 suka ragu zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980.

Dabarar da ta cece su ita ce mai da agogon wani kayan ado da gado. Sukan ƙera adadi kaɗan, su buga wa kowane lambarsa a baya, in ya ƙare shi ke nan. A 2019 Omega ya yi guda 6,969 kacal don cikar shekara 50 da sauka kan wata. Ƙarancin nan, da aikin hannu, da labarin wanda ya taɓa ɗaura shi, su ake biya. Rolex Daytona na ɗan wasan sinima Paul Newman an yi gwanjonsa a Niyok a 2017 kan dala miliyan 17.8.

Inda tsada take kuwa, nan jabu ke bi. Hausawa 'yan koli masu sarar agoguna a Ikko da Ibadan da Onica sai su yi hattara, haka ma masu saye. Kada a yi cinikin biri a sama. A danna madannan a gani. In ƙananan tsinkayen ba su motsi, ado ne kawai aka liƙa. In tsinken daƙiƙa yana tsalle ɗai-ɗai, mai batir ne, domin na wani tafiya yake sumul. Duk wanda aka yi wa tallan Daytona a bakin titi kan kuɗin buhun shinkafa, ya tuna araha ba ta ado. Wanda kuma ya gaji agogon wani na mahaifinsa, kada ya yar don ya tsaya. Sau da yawa wanki da mai kawai yake bukata wurin gwanin gyara.